Robar Ƙarshe da Wankan Jego

Na ji ku, ƴan istaji na bana, masu koyon aikin asibiti. Kuna tsammanin ban ji ba, alhali kunnen nan nawa ko a Dungas aka yi tari sai na ce sannu. Wai sa roba a cikin mai ciwon ƙoda ba wani aiki ba ne, huda ce kawai da zurawa, ko mai gyaran tayar moto zai iya. To madalla. Ni Majo Kalla, babban ma'aikacin jinya, da furfura ta fara ci mini gemu a bulok, ɗakin tiyata, bari in rubuta muku kaɗan, a tsaye, domin wannan sana'a ta hana ni koyon zama. Matata ta ce ko tuwo nake ci sai na zagaya kwano sau uku.

Ga abin a taƙaice, don wanda ya yi barci a aji, can lakwal. In ƙoda ta tsaya, fitsari ya ɗauke, dattin da ya kamata ya fita sai ya zauna cikin jini, ruwa ya taru, mutum ya kumbura. A Damagaram akwai injin da ke wanke jini. Mu nan ƙasar Magarya injinmu shi ne wanda Allah ya dasa wa kowa: wani tantani siriri kamar ɓawon albasa, ya lulluɓe hanji da bangon ciki. In ka zuba ruwa mai tsabta, mai gishiri da sukari daidai awo, cikin cikin mutum, ka bar shi ya ɗan zauna, tantanin nan zai tace dattin jini ya zubo shi cikin ruwan. Sai ka buɗe, ruwan ya fito da dattin, ka zuba sabo. Shiga, zama, fita. Robar ita ce ƙofa. In ƙofa ta lalace, gida ya rufe da mai gida a ciki.

Huda ta farko da na yi, akuya na yi wa. Dokta Ila ne ya koya mini, mutumin da in ka tara maganarsa ta shekara ba za ta cika cokalin shayi ba. Ranar kasuwa ya ja ni kwata, ya roƙi mahauta su bar mana akuya bayan an yanka, kafin a farke ciki. Ya nuna da yatsa: ƙasa da cibiya, faɗin yatsa biyu. Ya miƙo mini aska. Na tsaga fata, na wuce kitse, na iske farar jijiyar tsakiya, na ji ni sarki ne, na danna. Warin da ya tashi ya kori ungulu daga kan katanga. Na huda hanji. Mahauta suka kwashe da dariya, babbansu ya ce, "Majo ya fasa turare! Wa ke aure?" Dokta Ila bai yi ko murmushi ba. Ya ce, "Mutum ne. Ya mutu. Wata." Wata uku muna zuwa. Na rantse awakin da na huda sun isa sadakin ƴan mata bakwai, kuma har yau in na bi ta kasuwar dabbobi sai in ga suna matse ciki.

A kan akuyoyin nan na koyi abin da littafi ba ya faɗa. Tantanin ba a danna masa aska, ɗaga shi ake yi da ƴan matsai biyu kamar mai ɗaga gidan sauro, a ɗan tsaga. Bakin roba ƙasa yake kallo, can ƙasan mara inda ruwa ke kwanciya. In ya kalli sama, ruwa zai shiga ya ƙi fitowa, ka wuni kana juya majinyaci kamar waina. Kafin ka taɓa aska, a zubar da abin da ke cikin mafitsara, ko ɗigo ne. Kuma akwai wani mayafin kitse da ke yawo kan hanji, ɗan sa-ido ne, da ya ga baƙo sai ya nannaɗe shi ya toshe ƙofofin. Robar gaske laushi gare ta kamar dafaffiyar taliya, ƙarshenta huje-huje kamar rariya, da ƴan zobba biyu masu kama da auduga waɗanda nama ke kamawa. In babu ita, robar da ake zura wa mutum ta hanci muke ɗauka, mu yi mata ƙofofi da almakashi. Tana aiki kwana biyu, uku, sannan ta toshe ko ta fara yoyo, ƙwayar cuta ta bi yoyon ta shiga.

Majinyata kuwa, kowa da irin tambayarsa. Wani manomi daga Kwaya, da ya farfaɗo ya ga roba ta fito daga cikinsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Majo, tunda ƙofa ta samu, ba a zuba fura ta nan? Haƙorana sun gaji." Wani ɗan kasuwar Mallawa ya so a matsar da ita daga inda mazagin wandonsa ke bi, na yi masa dariya, ashe shi ke da gaskiya. Tun daga kansa nake duba inda mutum ke ɗaure wando ko zane kafin in zana wurin fita.

Yanzu ga mummunar shekara. Shekarar ce kaya suka yanke mana, abin da muke samu ta wajen iyaka ya tsaya, na gwamnati kuma bai zo ba. Robar gaske tana raguwa cikin kabad, ina leƙa ta safe da yamma kamar mai kaza ɗaya. Da damina ta yi tsakiya saura guda.

Sai aka kawo Saude. Yarinya ce daga wani ƙauye bayan Guci, haihuwar fari, kwana huɗu da sauka. Ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, fitsari ya ɗauke mata kwana uku. A amalanke aka fito da ita cikin taɓo har bakin hanya. Fuskarta ta kumbura idanu sun shige, tana shaƙuwa, in ka kira ta sai ta amsa daga nesa kamar mai magana cikin rijiya. Tare da ita mijinta Hashimu, dogon saurayi mai sunkuyar da kai, da yayar ubanta, Gwaggo Dudu, tsohuwa siririya kamar kara, tana goye da jaririyar. Dokta Ila ya duba takardar labo ta gwajin jini, ya duba Saude, ya ce ba za ta kai Damagaram da rai ba. Ya buɗe kabad ya ɗauko robar nan guda cikin ledarta, ya ɗaga mini ita. Na karɓe ta da hannu biyu. Muka nufi bulok.

Aikin ya tafi kamar an zana. Muka kashe wurin da allura, na tsaga, na ɗaga tantani, roba ta sulale ƙasa ba gardama. Na ɗaure bakin da zare kamar bakin jaka. Muka rataye ledar ruwan gwaji, ya shiga, muka sauke ledar ƙasa, ya dawo da gudu, garau, har kana iya karanta rubutu ta cikinsa. Daga nan aka shiga zagaye: kowace awa a zuba, a jira, a buɗe, a auna abin da ya shiga da abin da ya fito. Ƙafafuna suka yi hanya tsakanin gadonta da ɗakin magani har siminti ya lotsa. Kwana biyu Saude ta buɗe ido ta nemi ƴarta.

Ran nan na kira Hashimu gindin bishiya, na yi masa huɗubar da ko limamin Juma'a sai ya nemi kwafi. Na ce ruwa ko ɗigo kada ya taɓa cikin nan. Na ce babu wanka, babu kunun kanwa, babu gishiri, ƙodar da ta tsaya ba ta iya fitar da su. Na ce robar nan ita ce ta ƙarshe a faɗin ƙasar nan, in ƙwayar cuta ta shiga sai an cire, in an cire babu wata. Kowace magana ya ce, "To, Majo. In sha Allahu, Majo." Na tafi ina kaɗa makullai, ina jin na gama aiki.

Kwana na huɗu da hantsi, lokacin mun tsawaita zagayen zuwa awa huɗu, na shigo in buɗe mata, sai na tarar da gado wayam. Babu Saude, babu leda. Hancina ya ɗauko hayaƙi da warin dafaffen ganyen dogon yaro. Na bi shi da gudu, ni da tumbina, har bayan ɗakin, inda mata masu jinya suka kafa zana suka yi makewayi. Tururi na tashi ta saman zana kamar ana dafa giwa. Ina jin fyaɗa, fat, fat, ina jin Saude tana shan yaji. Ga ledar ruwanmu kuwa an rataye ta a kan sandar zana, da ladabi, kamar butar baƙo.

Namiji ba ya shiga wurin nan, ko da gobara ce. Na tsaya waje ina tsalle ina ihu, "A tsaya! Don Allah a tsaya!" Sai wata anfirmiya, ma'aikaciyar jinyarmu, ta sheƙo ta faɗa ciki ta fito da ita. Pansama, bandejin da ke rufe bakin robar, ta jiƙe sharkaf, ta ɓanɓare gefe ɗaya, ga ɗan ganye manne a gindin robar.

Gwaggo Dudu ta fito da damin ganye a hannu, ko a jikinta.

"Lafiya kake ihu kamar an sace maka jaki?"

"Gwaggo, kin san abin da kika yi?"

"Na sani mana. Wankan da ya kamata a fara tun ran da ta sauka. Kwana takwas mai jego ba ta ga ruwan zafi ba! Dube ta yadda ta kumbura. Ɗanyen jego ne, sanyi ya shige ta. Ku kuna ta ɗura mata ruwa a ciki, wa ya taɓa warkar da kumburi da ƙarin ruwa?"

Ku lura da kyau, ƴan istaji: tsohuwar nan ba wauta ta yi ba. Tun tana yarinya aka gaya mata mai jegon da ba ta yi wanka ba kumbura take yi. Ga mai jego ba wanka, ga kumburi. Ko ni aka ba wannan lissafi a jarrabawa, abin da zan rubuta ke nan.

Bayan mun wanke wurin da magani mun sake pansama, na damƙo Hashimu.

"Kai, ba na gaya maka ba?"

Ya dubi ƙasa. "Ka gaya mini, Majo."

"To me ya hana ka gaya mata?"

"Majo, ta ina zan fara? Surukata ce fa. Ko sunanta ban taɓa kamawa ba. In ta shigo ta nan, ni ta can nake fita. In tsaya gabanta in yi mata zancen wankan ƴarta?"

Sai na ji kamar an kwaɗa mini muciya. Ni da kaina, shekara ashirin da aure, in na hango uwar matata a kasuwa sai in shige rumfar mai gishiri in yi cinikin abin da ba na so. Na san wannan kunyar kamar yunwar cikina. Amma na ɗauki maganar jego, wadda ba ta taɓa zama ta miji ba, na ɗora wa wanda duk duniya shi ne ba zai iya isar da ita ba, don kawai shi ne namiji, shi ya sa hannu a takarda. Laifin nawa ne, ba na Hashimu ba.

Washegari ruwan ya fito fari-fari kamar ƙasari. Ko yatsanka ba ka gani ta cikin leda. Saude ta riƙe ciki, in ka taɓa sai ta zabura, jiki ya yi zafi. Dokta Ila ya ɗaga ledar ya duba ta a hasken taga, ya rubuta maganin da za mu riƙa zubawa cikin kowace leda, ya ce, "Kwana biyar. In bai washe ba, mu cire." Ya dubi kabad, ya fita.

Ina fitowa na hangi Gwaggo Dudu tana jan itace. Wai zazzaɓin ya zo ne don an katse wanka a tsakiya. Abokan aiki suka ce a sa mai gadi ya fitar da ita. Na ce in kun kore ta da hantsi, kafin azahar dangi sun ɗauke Saude sun kai gida, su zare robar su jefa a masai. Na zagaya ɗakin nan ya fi sau ɗari, na zauna na tashi, na sha shayi ban san na sha ba. Can na ji tana rarrashin jaririya da Fillanci. Na shafa tsagar da ke kumatuna, ta Barebari, wadda kakana ya bar mana gado maimakon gona. Na ce Allah na gode. Abin da suruki ba ya iya faɗa, abokin wasa yana faɗarsa har da ƙari.

Na je na tsuguna gaban murhunta, na janye itace ɗaya.

"Ashe baiwata ce ke ba ni wahala haka? Fulani, wa ya sake ku daga daji?"

Ta ɗago ta ƙare wa fuskata kallo, sai bakinta ya motsa. "Af! Babarbare ne? Shi ya sa. Na ce wannan ihu ba na mai hankali ba ne. Wa ya ba bawa farar riga?"

"Sata na yi. Ke kuma kin zo ki dafa mini majinyaciya kamar kaza."

"Ƴata ce, kaɗo. Ni na yi wa uwarta wanka, na yi wa mata sun fi gashin gemunka, ba wadda ta mutu."

"A cikinsu akwai mai ƙofa a ciki?"

Ta ajiye itacen da ke hannunta. Na ce ta taso. Na kai ta bakin gado, na ɗauko ledar shekaranjiya da ta yau da na ajiye, na ɗaga mata su biyu a taga, ɗaya garau, ɗaya ƙasari. Na ce, "Wannan kafin wanka, wannan bayan wanka. Ke mai nono ce. In ƙuda ya faɗa ƙwarya, me ke faruwa?" Na nuna mata inda robar ta shiga, na ce ramin nan ya zarce har hanji, ruwan rijiya in ya bi ta nan, ko ya tafasa sau goma, guga da ganye da hannu sun mayar masa da datti. Na gaya mata saura kwana huɗu, kuma babu wata robar.

Ta daɗe tana kallon ledojin. Sannan ta ce, a hankali, ba wasa a ciki, "To sanyin fa? Haka za a bar ta?"

A nan ne Allah ya ba ni magana. Na ɗora mata sabuwar leda a hannu, ta ji ta da sanyi, ta yi tsaki. Na ce, "Kin gani? Dole a ɗumama ta kafin a zuba, mu kuma hannu ya yi mana kaɗan. Wankan nan da kike so, ga shi, ta ciki ake yin sa, sau shida a yini. Ke za ki riƙa ɗumamawa. Ba a buɗe rigar ledar, ba a tsoma ta a ruwa. Ki naɗe ta a zane mai tsabta, ki jingina ta da tukunyar da aka sauke. Kada ta yi zafi, kada ta yi sanyi."

"Kamar yaya?"

"Kamar nonon da aka tatso yanzu."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Babarbare zai koya mini ɗumin nono."

Muka yi ciniki kamar a kasuwar shanu. Ta samu gasa ƙafafu da kafaɗu da tsumma mai zafi wanda aka matse sarai, daga gwiwa zuwa ƙasa, daga hammata zuwa sama. Ni na samu ciki, da alkawarin kunun kanwa ba zai ƙetare ƙofa ba. Ban taɓa samun ma'aikaciya irinta ba. Leda takan iso kan lokaci, ta gwada ta a kumatunta, ma'aunin zafinmu ya zo daga baya ya ce gaskiya ne. Ta kafa tabarma bakin gado, duk ƴar dubiyar da ta miƙa hannu wajen pansama sai ta ji carbi a bayan hannu. Ni kaina ta taɓa mayar da ni, wai ba ta ga lokacin da na wanke hannu ba.

Amma ruwa ya ƙi washewa. Kwana na biyu ƙasari. Na uku ƙasari. Duk fitar leda mu biyu muke rugawa taga, ni da ita, kai da kai, kamar masu duban wata. Na huɗu da la'asar na manna takardar magani a bayan leda, na ga inuwar baƙaƙe. Na biyar da safe Dokta Ila ya shigo da tiren cirewa a hannu. Ya ɗaga leda, ya sa takarda a baya, ya karanta sunan maganin da ƙarfi, harafi harafi. Ya miƙa mini tiren ya ce, "Mayar." A wajensa wannan guɗa ce.

Saura ƙodar ta farka, domin roba aro ce, jira take saya wa mutum. Muka ci gaba, shiga, zama, fita. Bayan kwana shida ina tsakar fili sai na hango Gwaggo Dudu ta nufo ni, ta ɗauko ƴar tasa da hannu biyu, tana takawa sannu kamar mai tallar kindirmo a kan santsi, tana kora mutane, "Ku kauce! Ku kauce!" Ta dire mini ita a gaba. Fitsari ne, bai fi rabin kofin shayi ba, ja kamar zoɓo. Na ɗaga shi sama na zagaya fili da shi ina rawa, masu jinya suka ce Majo ya taɓu. Washegari kofi biyu. Kafin mako ya zagayo sai da muka nemi bokiti.

Ran da na cire robar, na ɗinke wurin da zare biyu na rufe, Gwaggo Dudu tana tsaye a kaina. Saude tana kwance, fuska ta saɓe, ashe kyakkyawa ce, tana ba ƴarta nono. Ko kafin in tuɓe safar hannu tsohuwa ta ce, "To, bawa. Yaushe?"

"Yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali."

Na ce sai ramin ya rufe ya bushe, nan da mako biyu, kuma ruwan ya zama wanda hannu ke iya jurewa, kanwa kuwa har abada. Ta ƙirga a yatsu, ta gyaɗa kai.

"Mako biyu. Sannan kwana arba'in, safe da yamma. Wancan guda ɗaya da ka ɓata mini ba ya cikin lissafi, daga farko za mu soma."

Saude, wadda tun zuwanta ban ji ta haɗa kalma biyar ba, ta ɗago kai ta dubi gwaggonta, ta dubi tiren da ke hannuna.

"Majo," ta ce, "don girman Allah, mayar mini da robar."